Su biyu a kan babur ɗaya: wanda ya fi buguwa ya koma kasuwa, ɗayan yana ɗaki

Yayar Samari: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Ƙanena da ɗan maƙwabcinmu sun yi haɗari a kan babur ɗaya bayan ƙaramar Sallah, a-daidaita-sahu ce ta shiga gabansu a shataletale. Ɗan maƙwabcin shi ke tuƙi, shi ya fi buguwa. A sume aka kai shi asibiti, a daren aka shiga da shi tiyata aka kwashe jinin da ya taru a kansa. Yanzu haka yana can shagonsa yana sayar da kayan waya kamar ba shi ba. Ƙanena kuwa suman 'yan mintoci ya yi, aka ɗauki hoton kansa aka ce babu komai, washegari aka sallame shi. Amma har yau yana ɗaki. Ciwon kai, jiri, ba ya son haske, ko rediyo aka kunna sai ya toshe kunne, karatunsa ya tsaya cak. Babanmu ya fara cewa raki ne kawai, wai dama shi tun yana yaro ko ƙaya ta soke shi sai unguwa ta ji. Shin da gaske halin mutum yana da hannu a warkewa, ko akwai abin da hoton bai gani ba?

Baban Ikram: Subhanallahi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Bari Dakta ya fito daga aiki, shi zai warware mana.

Ɗan Chelsea: Anti, kafin Dakta ya zo ni dai zan faɗi nawa. Maganar Baba akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Zuciya ce. Ku tuna Petr Čech, mai tsaron ragar Chelsea a lokacin. A watan Oktoban 2006 gwiwar Stephen Hunt na Reading ta same shi a kai tun a mintin farko, ƙashin kansa ya lotsa ciki, sai da aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Watan Janairun 2007 mutumin nan ya dawo raga da hularsa. Bayan haka ya kama fanaretin Robben a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2012. Da mai raki ne da tuni ya ajiye safar hannu. Ku ƙarfafa wa yaron nan gwiwa ya tashi, kwanciya ba ta warkar da namiji.

Na Arsenal Har Abada: Kai komai sai ka kawo Chelsea. To tunda ƙwallo kake so, a filinku Ryan Mason na Hull ya yi karo da Gary Cahill a Janairun 2017, ƙashin kansa ya fashe. Ya yi ta fafutukar dawowa shekara guda cur, a ƙarshe likitoci suka ce masa kada ya kuskura, ya yi ritaya a 2018 yana ɗan shekara 26. Za ka ce masa rago? Mutumin da daga baya aka ba shi riƙon ƙwaryar kocin Tottenham? Shi kuma Raúl Jiménez da ya yi karo da David Luiz a filinmu a Nuwamban 2020, sai Agustan 2021 ya dawo gasar Firimiyar Ingila. Mutum uku, duk fashewar ƙashin kai, kowa da yadda tasa ta ƙare. Ni a ganina girman rauni ne ke magana, ba wata zuciya ba.

Ɗan Chelsea: To ai labarin Anti ya ƙaryata ka. Wanda ya fi rauni shi ya fara tashi. Ka amsa wannan tukuna.

Dakta: Wa alaikumus salam. Ku yi haƙuri, yanzu na samu zama. Yayarmu, ban ga ƙanenki ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, ba zai maye gurbin a kai shi a duba shi ba.

Da farko, "wanda ya fi buguwa" a idon mai kallo ba lallai shi ne wanda ƙwaƙwalwarsa ta fi lalacewa ba. Daga yadda kika kwatanta, mai yiwuwa jinin ɗan maƙwabcinku tsakanin ƙashin kai da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ya taru. Irin wannan yana kisa cikin sa'o'i idan aka bar shi, domin yana danne ƙwaƙwalwa. Amma in aka kwashe shi da wuri, sau da yawa ita ƙwaƙwalwar da ke ƙasa ba ta ji wani mugun ciwo ba, sai mutum ya tashi garau. Ka ga tiyata, ka ga ɗinki ya zagaye kai, hankalin kowa ya tashi, amma sakamakon ya yi kyau. Akwai kuma wani nau'in da ba a ganin jini ko kaɗan. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi a cikin ƙashi mai tauri, kamar kindirmo a ƙwarya. In aka girgiza kai da ƙarfi, siraran jijiyoyin da ke haɗa sassanta suna miƙewa, wasu su tsinke. Hoton sikanin da aka saba yi a sashen gaggawa jini da karaya yake nema. Wannan tsinkewar jijiyoyin kuwa ba ya ganin ta. Saboda haka "babu komai a hoto" ma'anarsa babu abin da ke buƙatar wuƙa.

Yadda muke auna tsananin rauni kuwa, akwai ma'aunin da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a Glasgow a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Sai tsawon suma. Sai wanda ni na fi ba muhimmanci, kuma dangi suka fi mu iya lura da shi: tsawon lokacin da mutum ya ɗauka idonsa biyu amma ba ya riƙe abin da ke faruwa. Ki gaya masa yau Talata, bayan minti goma ya sake tambaya. Ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. In wannan ruɗewar ba ta kai kwana ɗaya ba, mai sauƙi ne. In ta wuce mako guda, mai tsanani ne, in kuma ta kai wata ko fiye, da wuya mutum ya koma daidai yadda yake a da, komai ƙarfin zuciyarsa.

To a nan Na Arsenal ke da gaskiya. A rauni mai tsanani, girman ɓarnar, da shekarun mutum, da ko ya rasa iska ko jininsa ya sauka kafin a iso asibiti, su ne manyan masu yanke hukunci. Amma Ɗan Chelsea ma bai faɗi ƙasa warwas ba. Tun 1937 wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila, Charles Symonds, ya ce ba irin raunin kaɗai ake dubawa ba, har da irin kan da ya samu raunin.

Yayar Samari: Na gode Dakta. Shi dai ƙanena tun a asibitin ya gane mu, ya san ranar, abin da ya manta kawai shi ne yadda haɗarin ya faru. Kenan nasa mai sauƙi ne. To me ya riƙe shi? Kada dai maganar Baba ce.

Dakta: Ba raki ba ne, amma ba zan ɓoye miki ba, a irin nasa ne halin mutum ya fi yin tasiri. Yawancin masu rauni mai sauƙi suna warwarewa cikin makonni zuwa wata uku. Sai dai waɗanda abin ke ja musu sun fi yadda muke zato yawa. Wani babban bincike a asibitocin haɗurra na Amurka da aka wallafa a 2019 ya gano cewa bayan shekara guda, 53 cikin 100 na masu rauni mai sauƙi ba su gama komawa harkokinsu yadda suke a da ba. Abin lura, an kwatanta su da mutanen da suka ji ciwo a gaɓoɓi kansu lafiya lau, su ma 38 cikin 100 haka suke. Wato wani kaso na wahalar daga ƙwaƙwalwa ne, wani kason kuma daga firgicin haɗarin ne, da zafin ciwo, da rashin barci.

Su wa abin ya fi ja wa? Bincike da yawa sun nuna mutumin da dama yana da yawan fargaba, ko ya taɓa fama da ciwon damuwa, ko yana da ciwon kai na ɓari guda tun da, ko ya sa a ransa cewa shi kenan ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Yadda abin ke ɗaurewa shi ne: makon farko ciwon kai da jirin na gaske ne, daga buguwar suke. Sai ya buɗe littafi, kan ya sara, ya tsorata ya rufe. Ya fita rana, ido ya yi zafi, ya koma ɗaki ya ja labule. Kwanciyar rana ta hana barcin dare, rashin barci ya ƙara ciwon kai da mantuwa, mantuwar ta tabbatar masa da abin da yake tsoro. Idon da ya saba da duhu kuma ya ƙara ƙin haske. Babu inda ya yi ƙarya a cikin wannan. Ciwon yana jin sa.

Shi ya sa yanzu ba ma cewa a kwanta a ɗaki mai duhu sai an warke. Hutun kwana ɗaya ko biyu, daga nan a fara komawa harka kaɗan-kaɗan. A Melbourne ta Ostireliya an taɓa gwada ba marasa lafiya ɗan littafin bayani kawai mako guda bayan rauni, a gaya musu alamomin da za su gani da cewa suna wucewa. Bayan wata uku sun fi waɗanda ba a ba su ba samun sauƙi. Mu nan sai a ce wa mutum "babu komai, je ka gida", ya koma gida ya ji akwai komai.

Sista Mai Dare: Dakta ka yi bayani, amma ni ina tsoron yadda za a ɗauki maganar nan a gida. Ana cewa "hali yana da hannu" abin da Baba zai ji shi ne "na faɗa muku". Kafin a ɗora wa halin yaro laifi a tabbata an duba abin da ake iya gyarawa. Jirin nan sau da yawa daga cikin kunne yake, buguwa ke gusar da wasu 'yan ƙananan duwatsu da ke ciki, kuma akwai juyin kai da ake yi wa mutum a kan gado ya rabu da shi. Ciwon kan wani daga wuya yake tasowa. Wani kuma maganin ciwon kan ne da kansa, in ana shan sa kullum ba ƙaƙƙautawa shi ke riƙe ciwon. A duba idonsa ma.

Kuma don Allah duk wanda ke karantawa: in mutum ya bugu a kai, ko da ya tashi yana magana, in ya fara amai a kai a kai, ko barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, ko jijjiga, ko ɓari guda ya saki, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, ko ciwon kan sai ƙaruwa yake, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Tsofaffi kuma nasu jinin a hankali yake taruwa, sai bayan makonni a ga Kaka ta fara ruɗewa, an ma manta ta taɓa zamewa a banɗaki.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na yi jinyar mutane. Hali zanen dutse ne. Mai haƙuri ko a gadon asibiti mai haƙuri ne, mai gaggawa kuma shi ke cire ƙarin ruwa da hannunsa. Abin da mutum ya shiga ciwo da shi, da shi yake fita.

Maman Abba: Hajiya, Allah Ya ƙara girma, amma a wannan ban bi ki ba. Ban taɓa magana a nan ba sai yau. Maigidana ya yi haɗarin mota shekara biyu da suka wuce, goshinsa ne ya daki gaban motar. Ya yi makonni bai san wanda ke kansa ba. Da ya tashi kowa ya yi ta hamdala, ga ƙafa tana tafiya, ga baki yana magana, ko ɗingishi babu. Mutumin da na aura ko yaro ne ya zubar masa da shayi a riga sai dai ya yi dariya. Wanda aka dawo mini da shi, rannan don Abba ya taɓa masa waya ya yi jifa da faranti, ya fashe a bango dab da kan yaron. Bayan minti biyar yana tambayata me ya sa yaran suka yi tsit. Baƙi za su zo ya faɗi maganar da ko a ɗaki ba a faɗa. A ba shi kuɗin cefane ya dawo da takalma ƙafa uku. In ba a ce masa tashi ka yi wanka ba, haka zai wuni a zaune yana kallon bango, ba baƙin ciki yake ba, kawai babu abin da ke tashinsa.

Abin da ya fi ci mini rai, shi bai san ya canza ba. In ka tambaye shi cewa zai yi lafiyarsa ƙalau, mu ne muka canza. Danginsa suna zuwa na awa ɗaya su gan shi fes, su ce ni ce ba ni da haƙuri. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce ta shige shi a wurin haɗarin. To Hajiya, in hali zanen dutse ne, nawa dutsen ya fashe.

Hajiya Babba: Allah sarki 'yata. Ban san da irin wannan ba. Allah Ya dafa miki, Ya ba ki ladan haƙuri.

Malamin Firamare: Maman Abba, labarinki ya tuna mini da wani da ake koyar da ɗaliban likitanci. Phineas Gage, shugaban leburori masu shimfiɗa layin dogo a jihar Vermont ta Amurka. A watan Satumban 1848, yana ɗan shekara 25, yana danna albarushi a ramin dutse da sandar ƙarfe sai abin ya tashi. Sandar, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kusan kilo 6, ta shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba. Likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai ashar, marar haƙuri, mai shirya abu ya watsar, har masu aikin suka ƙi mayar da shi kan muƙaminsa.

Yawanci a nan ake tsayar da labarin. Amma daga baya mutumin nan ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a doguwar hanya. Aikin da sai ka tashi da asuba, ka kula da dawaki, ka karɓi kuɗi, ka yi mu'amala da matafiya. Wani masani, Malcolm Macmillan, ya yi nazarin wannan ya ce alama ce Gage ya samu sauƙi sosai, kuma mai yiwuwa tsarin aikin ne, abu ɗaya kullum a lokaci ɗaya, ya taimaka masa. Ya rasu a 1860 bayan farfaɗiya ta kama shi. Ƙoƙon kansa da sandar suna Jami'ar Harvard ta Amurka har yau.

Mai Gashin Ƙashi: Malam ya taɓo inda nake so. Ni aikina farfaɗo da masu shanyewar jiki ne da waɗanda suka yi haɗari, kuma ina faɗa muku, gyaran ƙafa ya fi gyaran wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ke sa mutum ya danne fushi, ya auna magana kafin ta fita, ya tsara abu, ya kuma tashi ya fara shi. Shi ne kuma ya fi saurin buguwa, domin ƙashin da yake zaune a kai yana da kaushi. Duk abin da Maman Abba ta lissafa, har rashin sanin cewa ya canza, daga wurin yake. Tun shekarun 1980 masu bincike a Glasgow suka bi iyalan irin waɗannan majinyata har shekara biyar, suka ga abin da ya fi gajiyar da dangi canjin hali ne, ba naƙasar jiki ba.

A nan ne nake rigima da masu cewa zuciya. Wanda ke zaune yana kallon bango, in ka ce masa rago ka zalunce shi, wurin da himmar take fitowa shi ne ya ji ciwo. Halin da kuke cewa zai taimaka masa ya warke, shi kansa halin yana cikin abin da motar ta buge.

Kuma ba kullum "hali mai kyau" ke taimako ba. Waɗanda suka fi ba ni wahala su ne 'yan ƙwazon nan, masu son komai ya fita daidai. Ranar da ya ji dama-dama sai ya yi aikin mako guda, ya kwanta kwana uku, ya ce shi ya gama yawo. Wani kuma mai sanyin hali da ake rainawa, ka ce masa tafiyar minti goma, goman zai yi, gobe ya ƙara biyu. Bayan wata shida shi ke gaba. Taurin kai ma haka: in ya karkata wajen motsa jiki alheri ne, in ya karkata wajen "ni ba abin da ke damuna, ku ba ni makullin mota" masifa ce.

Malam Na Zaure: Bismillah. Ina so in yi magana a kan batun sammu da iska da aka ambata. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a babu mai hana su, muna yi wa marasa lafiyarmu kullum. Amma mutum ya bugi goshi a mota, likita ya nuna inda ya bugu, sannan a ɗaure shi ana duka wai ana fitar da aljani, wannan zalunci ne, kuma dukan kan da ya riga ya ji rauni ƙarin ɓarna ne. Haka shi ma mai cewa marar lafiya "ba ka da tawakkali shi ya sa ba ka warke ba", ya ji tsoron Allah. Yayar Samari, ki samu wani babba da mahaifinku ke jin nauyinsa ya yi masa magana. Daga bakinki ba lallai ya karɓa ba.

Tsohon Ɗan Achaɓa: Ni na yi achaɓa a Kano har aka hana a 2013. Gaskiya ɗaya da ba ku faɗa ba, hali tun kafin haɗarin yake fara aiki. Wa ya fi faɗuwa? Mai gudu, mai ganganci, wanda ya sha ƙwaya tun safe. Shi ne kuma in an sallame shi ba zai sha magani ba, ba zai koma ganin likita ba, sati biyu ka gan shi a kan babur. Lokacin da aka matsa dokar hular kwano a farkon 2009, da idona na ga masu kifa ƙwarya a kai suna ɗaure ta da igiya don su wuce jami'an hanya. Muna ta dariya a lokacin. Fasinja kuma su ce ba za su sa hular da wani ya sa ba, kada a yi musu asiri.

Dakta: Yaya, ka faɗi abin da ke wahalar da masu bincike kansu. Mai shaye-shaye da mai ganganci sun fi shiga haɗari, sun kuma fi samun matsala bayansa, sai a rasa wanne ne na raunin wanne ne na da. Ga wata matsalar: ba wanda ke auna halin mutum kafin ya faɗi. Bayan abin ya faru ake tambayar dangi, su kuwa dangi kowa nasu waliyyi ne kafin haɗari. Shi majinyacin ma yakan manta cewa da can yana ciwon kai yana mantuwa kamar kowa. Inda aka samu ma'auni na kafin rauni shi ne sojojin Amurka da suka ji ciwo a kai a yaƙin Vietnam, domin an yi musu jarrabawar basira lokacin ɗaukar su. Da aka bi su shekaru da yawa, makin da mutum ya ci kafin raunin yana cikin abubuwan da suka fi nuna inda zai tsaya. Haka ma ana ganin masu zurfin karatu sun fi komawa aiki, kodayake a nan akwai hannun kuɗi da irin aikin da mutum ke yi.

Hular kwano kuwa, nazarin da ya tattara bincike da yawa ya nuna tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, mutuwa kuma da kusan 42. Babu wani hali da na sani da ke ba da wannan.

Maman Abba, abu ɗaya zan ƙara. Ciwon damuwa yana bin raunin kai sosai. A wani bincike a Seattle ta Amurka da aka wallafa a 2010, fiye da rabin waɗanda aka kwantar saboda raunin kai sun yi fama da shi a shekarar farko, kuma waɗanda suka samu magani a cikinsu ba su kai rabi ba. Yana iya fitowa a matsayin fushi. Akwai magungunan da ke rage saurin fushin ma. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin an ce maigidanki ya haukace.

Ɗan Chelsea: To na ji. Amma dai Dakta ya ce ban faɗi warwas ba, a rubuta wannan.

Na Arsenal Har Abada: An rubuta. A kuma rubuta cewa Čech a Arsenal ya ƙare wasansa.

Maman Abba: Na gode muku duka, wallahi yau na ji kamar an sauke mini kaya. Tambaya ta ƙarshe ga Mai Gashi. Yayansa yana so ya mayar da shi shagonsu na atamfa, wai zama ne ke ƙara lalata shi. Ni kuma ina tsoron ya yi faɗa da masu saye ko ya yi kyauta da kayan mutane. In hana ko in bari?

Mai Gashin Ƙashi: Ki bari, amma da sharaɗi, kuma ki zauna da yayan ku yi maganar tun kafin ranar. Ya fara da safe, lokacin da kansa bai gaji ba kasuwa kuma ba ta cika ba, awa biyu ya dawo gida. Aiki ɗaya za a ba shi, sananne, kamar jera kaya ko ninke waɗanda aka warware, a kuma rubuta masa a takarda. Kada a bar masa aljihun kuɗi ko ciniki tukuna. Yayan ya koyi gane alamar, yawanci za ki ga ya fara ɗaga murya ko yana murza goshi, a lokacin sai a ce masa zo mu je mu sha ruwa, ba a tsaya gardama da shi a gaban mutane ba. In mako biyu suka wuce lafiya a ƙara awa ɗaya. Tuƙi kuwa a'a, sai likitansa ya duba shi ya amince, musamman in ya taɓa yin jijjiga ko sau ɗaya tun bayan haɗarin. Ya taɓa yi?

Maman Abba: Sau ɗaya, yana asibiti. Tun daga nan bai sake ba. Maganin ma ya ƙare ba mu koma an sabunta ba.

Dakta: To wannan kada ku yanke shi a gida. Wani ana tsayar masa da maganin bayan ɗan lokaci, wani ana ci gaba, ya danganta da lokacin da jijjigar ta zo da abin da hoton ya nuna. Ki nemo katinsa da takardar sallama ku koma asibitin da aka yi masa jinya, ki kuma tafi da yayan ya ji da kunnensa.